Numfashin Aro

Dhaka, 5 ga Janairu, 2001

Bhaijan,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, da fatan takardar nan ta same ka lafiya a gonar da kake aiki. Ammajan, mahaifiyarku, tana gida, ciwon gwiwarta yana nan. 'Yarmu Tuni tana wurinta.

Ni ce Monowara, matar ƙaninka. Shekara uku muka yi gida ɗaya kafin ka tafi Saudiyya, ba ka taɓa jin muryata ba. Ko ruwa zan kawo maka, a bakin ƙofa nake ajiyewa in ja mayafi, yadda kowace mace take yi da yayan mijinta. Kawuna Ansar ya ce in yi maka magana ta waya idan ka shiga gari, na ce bakina ba zai buɗu ba. Takarda ta fi mini sauƙi. A aji biyar na tsaya, ka yi haƙuri da rubutun.

Ranar Talata da sassafe baban Tuni ya hau dogon dabinon bakin kududdufi don ya sauko da tulun ruwan zaƙin da ya tsatso daga jikin bishiyar, wanda muke dafa mazarƙwaila da shi. Raɓa ta jiƙa bishiyar, igiyar ƙugunsa ta zame. Gefen kansa ya bugi tubalin matakalar kududdufin. Kafin in iso ya tashi zaune yana kallon tulun da ya fashe, yana dariya. Ya ce, "Uwar Tuni, tulun za ki yi wa kuka. Kan 'yan gidan Morol ya fi kwakwa tauri." Har ya hau wasu bishiyoyi biyu, ya dawo ya ci wainar shinkafa da mazarƙwailar dabino.

Da hantsi ya ce kansa zai tsage. Na yi abin da kowa yake yi. Na kwantar da shi a bakin rumfa, na sa ganyen ayaba ƙarƙashin kansa, na yi ta zuba masa ruwan rijiya da buta. Ammajan ta shafa masa man kwakwa a tsakar ka. Ya yi amai sau uku, irin mai feshi, muka ce zafi ne yake fita. Ya ce barci yake ji, muka ce alhamdulillahi, ruwa ya yi aiki. Da la'asar ya kama wani minshari da ban taɓa ji ba. Na girgiza shi, shiru. Na buɗe idonsa, baƙin idon dama ya yi faɗi sosai, na hagu kuwa ƙarami.

A keken kaya muka kai shi Jessore. Suka ce ba su da mai tiyatar kai, mu wuce Dhaka. A mashigar Padma hazo ya rufe kogi, jirgin fito ya ƙi tashi, muka yi awa biyar a layi. A nan sun huda ƙoƙon kansa sun fitar da gudan jini. Yanzu yana wani ɗaki mai sanyi, da tiyo a maƙogwaro, inji yana hura masa iska.

Jiya likitoci biyu suka kira mu. Sun ce ƙwaƙwalwarsa ta mutu, ba za ta dawo ba, injin ne kawai yake riƙe da sauran jikin. Sun ce iyali su yi shawara. Kawu ya ce shi dangin mata ne, ba shi da baki a kan jinin Morol. Ammajan ta aiko cewa tun rasuwar babanku, maganar gida taka ce.

Ni ban san abin da zan ce ba. Jikinsa da ɗumi. Gemunsa ma ya tsiro. Da na shafa tafin ƙafarsa, yatsun suka lanƙwashe.

Wani ɗan Jessore zai tashi Riyad gobe, shi zan ba. Ka aiko mana da magana.

Matar ƙaninka,
Monowara

Ƙasim, 8 ga Janairu

Uwar Tuni,

Wa alaikumus salam. Ni lafiyata ƙalau, sai dai tun da direban tankin ruwa ya miƙo mini takardarki abinci bai shiga cikina ba. Babu rashin kunya a abin da kika yi. Allah ya saka miki.

Na karanta ba adadi, kuma layi ɗaya na riƙe: kin shafa ƙafarsa, yatsun suka lanƙwashe. To me ya rage? Gawa tana jin cakulkuli? Ƙanina Sobhan tun yana yaro ko tsinke ka sa masa a tafin ƙafa sai ya yi tsalle. Yana ciki, yana jin ku.

A gonar da ke kusa da mu akwai wani ɗan Sylhet da raƙumi ya shura a ka. Wata biyu yana kwance kamar icce. Ranar da ya buɗe ido, abin da ya fara cewa, "Wa ya cinye mini busasshen kifina?" Yanzu haka yana nan yana damun mutane da surutu. Likita ba Azara'ilu ba ne. Su 'yan Dhaka idan sun ga mutumin ƙauye sai su so gadonsu ya koma hannun mai takalmi.

Maganata ke nan: kada wanda ya taɓa injin nan sai na zo. Na roƙi maigida fasfo ɗina, ya ce gobe in sha Allahu. Goben nan na san ta, amma zan kwana a ƙofarsa.

Shekara shida ban ga fuskar yaron nan ba. Ni na koya masa ɗaurin igiyar ƙugu, a kan wannan bishiyar. Ki raɗa masa a kunne cewa yayansa yana hanya, kuma idan na zo na tarar ya sake fasa tulu sai na ja masa kunne.

A gaida Ammajan, a ce ta yi mini addu'a. A shafa mini kan Tuni.

Jolil Morol

Dhaka, 11 ga Janairu

Bhaijan,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso yau, na gode. An ce Ammajan tana lafiya, Tuni tana ɗan tari. Ni ma da sauƙi, sai ƙafafuna da suka kumbura saboda zaman baranda.

Na raɗa masa saƙonka, har da maganar jan kunnen. Ba wanda ya taɓa injin.

Amma da na sani da ban rubuta maka maganar yatsu ba. Na ba ka abin riƙewa, alhali ni ma ban gane shi ba a lokacin. Akwai wata likita, mace, mai ɗan furfura. Na tare ta na ce, "Apa, 'yar'uwa, ki yi mini bayani kamar kina yi wa mai dafa mazarƙwaila, don ita ce a gabanki." Ta zauna da ni a kan benci.

Ta ce idan hannu ya kumbura fata tana miƙewa ta ba shi wuri. Kai kuwa akwatin ƙashi ne, ƙofa ɗaya gare shi, a ƙasa, inda ya haɗu da wuya. Jijiya ta tsinke a ciki, jini yana taruwa a hankali, shi ya sa ya samu damar yin dariya da safe. Da jinin ya yi yawa sai ya danne ƙwaƙwalwa. Ciwon kan, da aman, da barcin, da idon nan guda, duk ita ce take neman hanya. Ta rasa wurin gudu sai wannan ƙofa, a nan kuma tushen numfashi da farkawa yake. Ya matse ya mutu. Ta ce yanzu matsin da ke cikin kan ya kai inda ko jinin da zuciya take turowa ba ya shiga.

Na ce yatsun fa? Ta ce, "Ki yafe mini misalin. Kin taɓa gyara tarwaɗa?" Na ce kullum. Ta ce, "Bayan kin cire kan?" Na ce tana ci gaba da motsi. Ta ce wannan motsin daga ƙashin baya yake, ba ya kaiwa sama.

Na ba ta labarin ɗan Sylhet. Ta ce in tambaye ka, da kansa yake numfashi a wata biyun nan ko da inji? Ta ce mai dogon suma daban, wannan daban.

Na ce ni sai na gani. Suka bar ni na tsaya. Sun haska masa fitila a ido, bai motsa ba. Sun goga masa auduga a ƙwayar ido, bai ƙifta ba. Sun ɗura masa ruwan ƙanƙara a kunne, mutumin da ko wanka da sanyin safiya sai ya tara mana maƙwabta da ihu. Daga nan suka raba shi da injin na ɗan lokaci, suna kallon agogo. Ni ƙirjinsa nake kallo. Bhaijan, ko sau ɗaya bai ja ba. Suka mayar, ƙirjin ya ci gaba da tashi kamar ba a yi komai ba.

Na yi mata tambayar da take cin raina. Na ce da ban tsaya zuba ruwa ba fa? Ta ce, "Uwata ma ruwan za ta zuba." Na ce ba shi na tambaya ba. Ta ce, "Da ya iso kafin azahar..." ba ta ƙarasa ba. To ka ji. Gara ka ji daga hannuna.

Kullum wani abu yana raguwa a jikinsa. Ɗumin ma yanzu na barguna ne. Fitsari yana zuba kamar famfo, suna mayar masa da ruwa ta jijiya. Bayansa ya fara gyambo. Wata tsohuwa 'yar Barisal da muke kwana baranda ɗaya ta ce mini, "Ke matar mai dabino, kina ta yi masa hira, ya taɓa amsawa? To ai ba sabon abu ba ne, nawa shekara arba'in yana da rai bai taɓa amsa mini ba." Na yi dariya, sannan na shiga banɗaki na yi kuka.

Na gaji, Bhaijan. Na gaji ƙwarai. Don Allah ka sake duba maganar.

Monowara

Ƙasim, 14 ga Janairu

Uwar Tuni,

Salam. Ina lafiya. Allah ya ba Tuni sauƙi.

Na ga inda kika ce kin gaji. Kwana goma sha biyu kawai? Shi shekara tara yana hawa bishiya cikin sanyi saboda ku bai ce ya gaji ba. Ban yi zaton zan ga wannan kalma a takardarki ba. Idan zaman ya ishe ki, ki koma gida, kawunki ya zauna.

Maganar ruwa ban riƙe ki da ita ba. Amma likitar da take kwatanta ƙanina da kifi ba ita za ta gaya mini ranar mutuwarsa ba. Na tambayi ɗan Sylhet, ya ce bai san ko da inji ko babu ba, shi barci yake yi. Ni dai na san zuciyar da take bugawa mai ita bai tafi ba.

Ga labari mai daɗi. Na samu fasfo. Sai da na kama ƙafar maigida a gaban baƙinsa, kunya ta sa ya ba ni. Jirgina ranar ashirin ga wata, zan sauka Dhaka washegari da safe, daga filin jirgi sai asibiti. Mako ɗaya kacal. Ku riƙe mini shi mako ɗaya, in ga fuskarsa, in kira sunansa da bakina. Bayan nan abin da Allah ya yi shi ne daidai.

Wani ɗan Magura zai kawo miki wannan.

Jolil

Dhaka, 15 ga Janairu

Bhaijan,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Kullum kawu yana zuwa masaukin matafiya, babu takarda.

Jiya zuciyarsa ta tsaya, suka danna ƙirjinsa har na ji ƙashi ya yi ƙara, ta dawo. Likitar ta ce allurai sun kai ƙarshe, kwana biyu ko uku ne. Ta ce idan muna so mahaifiyarsa ta same shi da sauran ɗumi, yanzu ne. Ammajan ba za ta iya hanyar nan ba, ka sani.

Zan jira amsarka har jibi da safe.

Monowara

Shimulkandi, 22 ga Janairu

Bhaijan,

Assalamu alaikum. Sannu da hanya, sannu da rashi. Tun jiya nake jin tarinka daga rumfa. Ina cikin ɗaki ina takaba, kuma ko ba takaba ka san ba zan iya fitowa gabanka ba. Ammajan za ta miƙa maka wannan. An ce ba ka ci komai ba, ba ka yi wa kowa magana ba.

Takardarka ta ranar sha huɗu ta same ni a nan, kwana biyu bayan jana'iza. Mai kawowa sai da ya wuce garinsu tukuna. Da ta zo a kan lokaci ban san abin da zan yi ba. Ba zan yi maka ƙarya in ce da na jira ba, ban sani ba. An ce ka je asibitin kai tsaye ka tarar da wani a gadon. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ga yadda aka yi, don kada ka ji shi gutsi-gutsi a bakin mutane.

Ranar Laraba na sa hannu a takardarsu ta tafiya da shi gida. Ni na sa, ba kawu ba. Injin ba ya barin ɗakin, sai suka haɗa tiyon da wata jakar roba mai girman kwakwa. Ka matsa, ƙirji ya tashi. Ka saki, ya sauka. Suka ce in ƙirga biyar tsakanin matsa da matsa. Daga Dhaka har gida awa takwas, ni da kawu muna karɓa-karɓa a bayan motar asibiti. A kan jirgin fito wani mai sayar da dafaffen ƙwai ya leƙo ta taga ya ce, "Apa, Allah ya ba shi lafiya." Na ce amin, hannuna yana matsawa.

Bayan la'asar muka iso. Aka kwantar da shi a rumfa, gari duk ya taru. Ammajan ta rarrafo ta shafa fuskarsa, ta ce, "Sobhan, tashi, ragon banza, tuluna suna can sun cika suna zuba." Ta ga ƙirjin yana tashi, ta juyo kaina da faɗa: "Ga shi yana numfashi! Me kuka dawo da shi yi? Ba na ce a jira Jolil ba?"

Sai na miƙa mata jakar. Ta matsa, ƙirji ya tashi. Ta tsaya tana kallo, ƙirji ya tsaya. Ta sake matsawa. Ta yi haka sau huɗu ko biyar. Sannan ta ce a hankali, "Ashe ni ce nake numfashin." Ta mayar mini da jakar, ta ɗiga masa ruwa a leɓe, ta fara kalmar shahada.

Ba ta ce in daina ba. Kawu bai ce ba. Liman ma da aka kira ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Kowa yana jiran maganarka, maganarka kuma ba ta nan. Na ci gaba da matsawa har rana ta kusa faɗuwa, yatsuna sun ƙage. Na sa aka kawo Tuni ta taɓa hannunsa aka fita da ita. Na sunkuya na gaya masa cewa ka so zuwa. Na roƙe shi gafarar ruwan nan. Sai na riƙe jakar ban matsa ba. Kawu yana riƙe da wuyan hannunsa. Bayan ɗan lokaci ya ce innalillahi.

Bai yi shure-shure ba, bai ja ko numfashi ɗaya ba. Fuskarsa ba ta canja ba.

Ka ce na gaji da shi. Ba da shi na gaji ba. Na gaji da ganin ana juya shi kamar buhu, ana buɗe masa jiki a gaban baƙi, mutumin da ko a kududdufi ba ya cire riga idan akwai mata. Da akwai shi a cikin jikin nan, da shekara goma zan yi ina matsa robar.

Amma na ƙetare maganarka, kuma na hana ka ganin fuskarsa. Wannan ba zan iya mayar maka ba. Kada ka ɗora wa Ammajan ko kawu. Idan ka ce in bar gidan nan bayan takaba, zan koma gidanmu, ba zan ce an zalunce ni ba. Abu ɗaya nake roƙo, ka gaya mini abin da kake gani na aikata. Likita ta ce ya rasu tun huɗu ga wata. Mutanen gari suna raɗa cewa ranar Laraba ne, a hannuna. Zan iya zama da bakin gari. Shirunka ne ba zan iya ba.

Monowara

Shimulkandi, 23 ga Janairu

Uwar Tuni,

Salam. Na ci abinci, ki daina aiko Ammajan tana tsaya mini a ka.

Na je kabarin. Na kira sunansa da bakina, can ma bai amsa ba. Na dawo na ce kawunki ya nuna mini robar, ashe ya adana ta. Na zauna da ita a bayan gida. Na matsa, na ƙirga biyar, na matsa. Babu kowa a jikinta, amma har aka kira azahar ban iya ajiye ta ba.

Maganar gajiya da na rubuta, ki yafe mini. Haushin rashin ganinsa ba zai fita yau ba, ba zan ɓoye miki ba, amma ba a kanki yake ba.

Gidan nan gidanki ne. Duk wanda ya ce ranar Laraba ce, a turo mini shi.

Da ni aka damƙa wa robar nan, da har yanzu ina matsawa, yana ruɓewa a gabana. Ina ganin shi ya sa Allah bai damƙa mini ba.

Jolil